Kwaɗo Uku

Shekara tara ina sai da atamfa,
Leshi da shadda, mayafi da yadi,
A layin 'yan kaya, nan Sabon Gari.

Kwaɗo uku nake sa wa ƙofa,
Ɗaya a sama, ɗaya can ƙasa,
Na tsakiya mai nauyin dutsen niƙa,
In ja shi sau biyu, in yi bisimilla,
In hau babur sai Tudun Jukun da wuri.

Ran wata Laraba, an kwana ana ruwa,
Na iso da safe, makulli a hannu,
Kwaɗona uku suna nan lafiya lau,
Ba wanda ya taɓa su ko da tsinke.
Na buɗe, sai ga rana a tsakar shago,
Ta leƙo ta inda aka yaye kwano,
Kanta fayau, an kwashe jari.

Kwaɗin Kubanni sun kwana suna kuka,
Nawa na ƙarfe ba su ce uffan ba.
Ashe na tsare goshi na bar ƙeya,
Ɓarawo ya biyo ta inda babu shiri.

Sun bar mini almakashi da tef na awo,
Da littafin bashi, ko shafi bai yage ba,
Da sawun silifas a kan benci,
Da kwalin shadda guda, fanko,
Wanda ake bi na kuɗinsa tun ranar sari.

Kowa ya zo jaje da tasa dabara.
Wani ya ce laya, a binne a dokin ƙofa.
Wani ya ce kyamara, irin ta banki.
Na ce, in an ɗauke wuta ita ma barci take.
Ya ce, to sa sola. Na ce, da kuɗin wa?
Ya sosa gemu: Allah Ya maida alheri.

Na kira Jatau mai walda daga Kwangila,
Ya gitta rodi a ƙarƙashin rufi,
Tartsatsi na zuba yana mini huɗuba:
Ƙarfe ba ya hanawa, jinkiri yake saye,
Sai da kunne a kusa mai jin motsi,
In babu shi, zarto yana da haƙuri.

Sai muka zauna, mu goma sha ɗaya,
Da Obiora mai takalma, da Iya Risika,
Da Hashimu tela mai ƙin fidda sisi,
Aka yi ta ja-in-ja har la'asar,
Kafin a tsai da karo-karo da tsari.

Muka ɗauko tsohon ma'aikacin reluwe,
Sunansa Barau, muka kwashe da dariya,
Shi bai dara ba, ya ce a ba shi usur,
Da tocila, da gora, da bargon sanyi,
Albashi kuma ran talatin, ba jinkiri.

Duk da haka barci ya ƙaurace mini,
Ɗigon ruwa a kwano sai in ji taku.
Wani dare ƙarfe biyu na zari babur,
Na kashe shi nesa, na lallaɓa ta lungu,
In gani ko tsoho na sharar minshari.

Haske ya dalle ni. Tsaya! Wane ne?
Na ce, ni ne, Baba, mai shago na huɗu.
Ya ce, mai shago da rana yake zuwa,
Zauna nan ƙasa, hannu a kan gwiwa.
Na zauna a taɓo, sauro na ta biki,
Har ladan ya kira, gabas ta yi fari.

Ni na biya shayin da muka sha da safe.
Ya ce, batirin tocila ya yi sanyi.
Na sayo huɗu, ban nemi ragi ba.
Har yau ina jan kwaɗo sau biyu,
Amma ina kwana kamar jariri.